Ranar da Inna Gumsu Ta Shiga Otal

Maganar ba a ɓoye aka yi ta ba, shi ya sa ta fi ciwo. Bayan sallar la'asar ne, mutane na laluben takalmansu a ƙofar masallacin layin, Sammani mai ƙanƙara ya riƙo hannun Maje ya ce yana da nasiha. Wanda zai yi maka nasiha don Allah ai gefe yake jan ka. Shi kuwa Sammani a tsakiyar takalman jama'a ya tsaya, ya ɗaga murya yadda wanda bai gama tazbaha ba ma zai ji, ya ce ya ga Jawahir 'yar Maje tana shiga wani otal a Sabon Gari da safe, ita da wasu 'yan mata masu wando. Kuma ba sau ɗaya ba.

Maje mai shagon atamfa ne a Kantin Kwari, irin mutanen da za su jure asarar dila guda amma ba za su jure a zuba musu ido ba. Nan take, a gaban kowa, ya rantse da Allah 'yarsa ba za ta sake taka ƙofar makarantar nan tata ba, balle otal.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Mahaifiyarsa, Inna Gumsu, tana tsakar gida tana gyaran zogale wata maƙwabciya ta leƙo ta zuba mata, tana yi tana salati kamar ba daɗi take ji ba.

Jawahir a ɗakin Inna Gumsu ta tashi tun daga yaye. Kuma tsohuwar ce ta tsaya da ƙafarta har aka bar yarinyar ta shiga makarantar koyon aikin hidima a jirgin sama. Ita ba ta taɓa zama a aji ba, sunanta ma da babban yatsa take sa shi, amma ta hau jirgi sau ɗaya shekarar da ta sauke farali, kuma ba ta manta ba. Wata farar yarinya ce ta ɗaura mata bel tana yi mata yare. Tsohon da ke kusa da ita fitsari ya matse shi tun daga Kano, ya rasa bakin da zai faɗa, har ya yi abin kunya a kujera yana kuka. Tun ranar take cewa jirgin da ke ɗaukar Hausawa ya kamata a ce akwai mai jin Hausa a cikinsa. Da Jawahir ta zo da maganar, ita ta ce wa Maje ya rufe bakinsa ya biya.

Ta ture faifan zogalen ta shiga ɗaki. Jawahir na zaune bakin gado, ido ya kumbura.

“Kin shiga ko ba ki shiga ba?”

“Na shiga, Inna.”

“To tashi ki fita mini daga ɗaki.”

“Ki tsaya ki ji mana. Iyo ake koya mana. Makarantar ba ta da tafki, sai na otal ɗin suke haya da safe.”

“Iyo.” Inna Gumsu ta kama ƙugu. “Ni za ki mayar mahaukaciya? Aikin sama na kai ki, me ya haɗa ki da ruwa?”

“Idan jirgi ya sauka a teku...”

“Jirgin uban wa zai sauka a teku?”

Sai da yarinyar ta rantse mata da kabarin kakanta sannan tsohuwar ta zauna. Jawahir ta ce ranar Asabar ɗin nan ce jarrabawar ruwa, ita ce ta ƙarshe. Wanda bai yi ta ba babu takardar shaida, duk karatun da ya yi a baya ya tashi a banza.

“Me ya hana ki faɗa tun farko?”

“Da na faɗa Baba zai bari?”

“Ni fa? Ni ma Baba ce?”

Jawahir ta sunkuyar da kai. Inna Gumsu ta ja tsaki mai tsawo. Haushin yarinyar take ji, da na ɗanta, da na Sammani, amma wanda ya fi ci mata rai na makarantar ne. Su suka kwashi 'ya'yan mutane suka kai su inda ake sayar da giya, ba su aiko ko da mai shara ya yi wa iyaye bayani ba. To su za su wanke abin da suka ɓata.

Washegari ta yafa mayafi ta tari a-daidaita-sahu daga Kwaciri zuwa Sabon Gari. Makarantar a saman wani bene take, ƙasansa masu sayar da kayan gyaran mota. Ta hau matakalar tana dafa gwiwa tana tsine wa wanda ya gina ta. A sama ta tarar da ɗaki an jera kujeru biyu-biyu kamar cikin jirgi, wata yarinya na tura keken abinci a tsakani tana yi wa kujerun da babu kowa murmushi.

“Ina mai makarantar?”

Aka ce ya yi tafiya. Aka kawo mata malamar da ke kula da ɗalibai mata, Malama Muinat, doguwa, ta kai shekara hamsin, da ɗankwali ɗaure tsaf. Bayarabiyar Fagge ce, Hausarta ta fi ta wasu 'yan cikin birni fita.

“Sannu da zuwa, Hajiya. Ga kujera.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Ni ce kakar Jawahir. Kun kai min jika otal, an tsaya a ƙofar masallaci an kira ta da sunan da ba zan maimaita ba. Abu ɗaya nake so. Mai makarantar nan ya sa takalminsa ya zo unguwarmu, ya tsaya inda aka yi maganar, ya faɗa wa mutane abin da yaran nan ke yi a can.”

“Hajiya, na kira shi jiya da Jawahir ta yi mini waya. Ya ce maganar unguwa ba ta makaranta ba ce.”

“Da zai karɓi yarinyar daga sama ta faɗo masa? Ba daga unguwa ta fito ba?”

“Gaskiyarki.”

“Kada ki ba ni gaskiya, ba ita na zo karɓa ba, ina da abata. Idan shi ba zai zo ba, ke ki zo.”

Malama Muinat ta juya zoben hannunta. Sannan ta ce, “Na yi shekaru ina aikin nan a sama kafin na dawo koyarwa. Alhazai nawa na riƙe wa leda suna amai, ban sani ba. Har yau idan na wuce layinmu akwai masu cewa ga ta nan, mai kwana a ƙasashe. Idan na tsaya a ƙofar masallacinku, ba maganata za su ji ba. Nuna ni za su yi su ce ga abin da za ta zama.”

Inna Gumsu ta dube ta sama da ƙasa. Ta so ta sami abin da za ta zage ta da shi, ba ta samu ba, wannan ma ya ƙara mata haushi.

“To ku ɗaga mata jarrabawar har uban ya huce.”

“Ba hannunmu take ba. Masu duba jarrabawar daga Legas suke zuwa, ranar Asabar za su yi su koma. Ki kawo ta kawai, Hajiya. Ta iya. Tsoron zurfi ne da ita, amma ta iya.”

Haka ta sauko benen nan hannu wofi.

Ba gida ta nufa ba. Shagon Sammani a bakin titin unguwa yake, da manyan firji guda biyu da buhunan da yake naɗe ƙanƙara a ciki. Ta same shi yana lodi a bayan babur.

“Hajiya Inna, barka da rana.”

“Riƙe gaisuwarka. Da ka ga jikata ta shiga otal, kai me ka je yi?”

“Ƙanƙara nake kai musu, kowa ya sani.”

“Ƙanƙarar da suke sanyaya me da ita? Zamzam?”

Masu shagunan kusa suka fara murmushi. Sammani ya ɗaure fuska.

“Ni sana'ata nake yi. Abin da idona ya gani na faɗa.”

“Idonka ya bi ta ciki? Ya ga abin da ta yi?”

“Ni ba na wuce ƙofar kicin.”

“To iyo ake koya musu. Za ka koma inda ka yi maganar ka ce ba ka san komai ba.”

“Iyo,” in ji Sammani, ya waiga ya kalli mutanen da suka taru. “A otal. To Allah ya ba da sa'a.” Ya buga babur ɗinsa ya bar ta tsaye, ruwan ƙanƙara na ɗiga a bayansa.

Ta je wurin mai unguwa. Ya saurare ta da kyau, ya ce abin bai yi daɗi ba, ya ce a yi haƙuri, zai kira su duka idan an kwana biyu ƙura ta lafa. Ta ce masa Asabar ba za ta jira shi ba. Ya ce komai lokaci ne. Ta tashi ba sallama.

Saura Maje. Shi ba ɗan fari ba ne, don haka babu kunyar suna tsakaninsu, baki cike take kiran sa. Ta tare shi a soro da ya dawo daga kasuwa, ta zayyana masa komai, tafkin da malamar da masu zuwa daga Legas.

“Na ji, Inna. Ko da gaskiya ne, na riga na rantse.”

“Wa ya aike ka?”

“A gaban mutane fa aka yi.”

“A gaban mutane aka zagi 'yarka, kai kuma ka taya su. Ko tambayar ta ba ka yi ba, Maje. Akuya aka ce ta ci maka dawa ai sai ka leƙa bakinta.”

“Ni dai na rantse da Allah. So kike in yi wasa da sunan Allah?”

Maganar nan da uwa ke yi wa ɗa ta gama da shi tana kan harshenta. Ta san idan ta ambaci nonon da ya sha, a daren zai kai yarinyar ko'ina ne. Ta kuma san ɗanta: zai bi, amma ba zai sake kallon Jawahir da ido mai kyau ba, kullum zai tuna saboda ita uwarsa ta kusa yi masa baki. Ta haɗiye maganar, ta shige ciki.

Ranar Asabar ana idar da sallar asuba ta hura wuta. Ta buɗe ɗakin ajiyar Maje ta auno shinkafarsa da wakensa, ta ɗebo mansa. Kafin rana ta fito sosai ta cika babbar kula da garau-garau, ta haɗa da yaji da soyayyen mai a gefe. Ta ja kular da kanta har soro, ta dire ta gaban babur ɗinsa daidai lokacin da yake shirin fita.

“Mene ne wannan?”

“Kaffararka. Ban yi makaranta ba, amma ina jin tafsiri a rediyo. Wanda ya rantse a kan abu, ya ga barinsa ya fi alheri, ya ciyar da miskini goma ya warware. Shinkafarka ce, wakenka ne, ni wuta kawai na sa. Bakin tashar jirgin ƙasa akwai masu kwana da yunwa, sun fi goma.”

“Inna, ba rantsuwar ce kaɗai ba. Da wane ido zan kalli mutane?”

“Da wanda kake kallon 'yarka da shi tun ranar nan. Ni zan shiga in sa mayafi. Idan na fito na tarar da kular nan, na san matsayina a gidan nan.”

Ta daɗe a ɗaki da gangan, tana ɗaura ɗankwali tana kwancewa. Jawahir na tsaye da jakarta a rungume. Can suka ji tashin babur. Da suka fito soro babu Maje, babu kula, sai shatin gindinta a ƙasa.

“Wuce mu tafi,” in ji Inna Gumsu. “Kuma kada ki yi mini murmushi, ban huce da ke ba.”

Otal ɗin yana wani layi mai kwata a buɗe. Mai gadi ya ga tsohuwa da carbi ya ɗauka ɓatan hanya ta yi, ya fara nuna mata titi. Ta ce ya matsa. Suka bi ta gefen wata rumfa da aka tara akwatunan kwalabe, wari mai tsami ya bugi hancinta, ta toshe da bakin mayafi tana neman tsari. A baya ta ga tafkin: ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula, da wani ƙaton kwalekwalen roba yana lilo a tsakiya. Ɗalibai na jere a baki, maza da mata, kowa da dogon wando da riga mai dogon hannu, da wata rigar roba ruwan ɗorawa a wuya. Wasu mutum biyu masu baƙin tabarau na zaune a inuwa, su ne na Legas.

Malama Muinat ta kawo mata kujerar roba. Ta zauna a bakin-bakinta, don ba ta san wanda ya zauna a kai jiya ba.

Aka busa usur, suka riƙa faɗawa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Jawahir sai ta tsaya, yatsun ƙafarta sun kama bakin siminti. Aka sake busawa. Ba ta motsa ba. Ɗaya daga cikin masu tabarau ya duba agogonsa.

“Ke,” in ji Inna Gumsu daga kujerarta, “ban tashi da asuba na dafa wake don ki zo ki yi kallon ruwa ba.”

Jawahir ta rufe ido ta faɗa. Ruwa ya haɗiye ta. Tsohuwar ba ta san ta miƙe ba sai da ta ga kanta a bakin tafkin, carbi ya faɗi. Sai ga kai ya ɓullo, rigar robar ta kumbura, yarinyar na tari tana sheƙa amma tana tafiya.

Inna Gumsu ta ɗauka an gama. Ashe da sauran. Malama Muinat ta ce yanzu kowa zai janyo fasinjan da ya suma ya kai shi kwalekwale. Wanda aka ba Jawahir wani ƙato ne mai suna Waliu, mai faɗin kafaɗa kamar ƙofar shago. Ya kwanta a kan ruwa ya saki jiki, ya rufe ido.

“Tsaya,” in ji Inna Gumsu. “Namiji ne fa. Matan sun ƙare ne?”

“Hajiya, ranar da abin zai faru ba zaɓa za ta yi ba,” in ji malamar a hankali. “Wanda ya faɗo kusa da ita shi ne nata.”

Jawahir ta ɗago daga cikin ruwa tana kallon kakarta, tana jira. Inna Gumsu ta tuna Sammani, ta tuna bakin matan layinsu. Ta kalli ƙaton nan da ke kwance kamar gawa, ɗan wata ne shi ma.

“Me kike kallo na? Cafki wuyan rigarsa. Idan kika sake shi ni da ke ne.”

Tafiyar ba ta yi kyau ba. Sau biyu kan Jawahir na nutsewa, ta sha ruwa, hular kanta ta karkace. Tsohuwar na bin su ta bakin tafki, tana faɗa mata ta buga ƙafa, tana faɗa wa Waliu ya rage nauyi don Allah, kamar da gangan yake yi. Da hannun yarinyar ya kama igiyar kwalekwalen, na ciki suka janye shi sama, ita kuma ta rataya a jiki tana numfashi kamar za ta shiɗe. Masu tabarau suka yi magana da juna. Malama Muinat ta juyo ta ɗaga wa Inna Gumsu kai.

Jawahir ta ci, ke nan.

Amma tsohuwar ba don wannan kaɗai ta fito ba. Da suka dawo Kwaciri ta sa mai a-daidaita-sahu ya sauke su a bakin layi, ba ƙofar gida ba. Majalisar dattawan layin na kan dakalinta ana jiran azahar. Sammani na nan. Maje ma na nan a ƙarshen benci, bai je kasuwa ba.

Ta tsaya a gabansu, Jawahir a bayanta.

“Salamu alaikum. Tunda makaranta ta ƙi zuwa, mai unguwa yana jiran lokaci, ni na je. Daga otal ɗin nake, da ƙafata na shiga. Wanda zai faɗa ya haɗa da ni. Na ga ruwa ya fi tsayin kowannenku. Na ga yarinyar nan ta faɗa ciki da kayanta a jiki. Na ga an ba ta ƙato wanda ya yi biyun Sammani, ta janyo shi daga wannan baki zuwa wancan ba ta sake shi ba. Abin da ake yi a can ke nan. Yanzu wanda ya yi magana ya janye ta.”

Wani ya gyara hularsa, wani ya duƙufa kan goronsa. Sammani ya kalli na kusa da shi ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, “Ashe har da maza a ciki.”

Ido ya koma kan Maje. Ya kalli ƙasa. Sannan ya ce, “Inna, ta fito da shi?”

“Har kwalekwale.”

“To.” Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya karɓi jakar daga hannun 'yarsa ya yi gaba.

Inna Gumsu ta ƙara tsayawa, ko wani zai buɗe baki ya ce a yi haƙuri. Ladan ya kunna lasifika yana hura ta. Dattawan suka fara tashi ɗaya-ɗaya suna neman buta, suna ratsa ta gefenta kamar turke ce aka kafa a hanya. Sammani ma ya naɗe hannun riga ya tsuguna alwala.

A hanyar gida Jawahir ta matso kusa da ita.

“Inna, da kin bar maganar ƙaton nan. Yanzu ita za su riƙe.”

“In bari?” Tsohuwar ta tsaya cak a tsakiyar layi. “In ɓoye musu kamar yadda kika ɓoye mini? Su riƙe. Nan ne ma wurin da ya fi kyau.” Ta ja mayafinta ta ci gaba da tafiya tana ɗingishi, gwiwar ta fara ciwo. “Kuma ki shiga ki yi wanka da sabulu, warin ruwan mutanen nan kike yi.”